Littafin Bashi da Waƙoƙin Hamma

A cikin durowar shagona da ke bakin tsohuwar kasuwar Gombe akwai wani littafi mai baƙin bango, irin wanda 'yan tireda ke rubuta bashi a ciki. Ni ma don bashin na saye shi. In ka buɗe ta gaba, sunayen mutanen da suka ci kuɗina ne, wasu sun rasu, wasu sun yi arziki sun manta hanyar shagon. In ka juya shi ka buɗe ta baya, waƙoƙin yayana ne a jere, daga lamba 1 har zuwa 263. Kowace da layinta: shekarar da aka yi ta, garin da aka ɗauke ta, wanda ya buga kiɗan, wanda ya biya kuɗin, da inda na samo ta. Layi 8 ne babu komai a gabansu sai lamba da 'yan kalmomi.

Ba zan faɗi sunansa ba, don shi ya ce kada in faɗa. Hamma muke ce masa, kamar yadda ake kiran babban wa a nan wajenmu. Wanda ya yi zamanin kaset a Gombe da Bauchi da Yola ya san muryarsa ko bai san fuskarsa ba. Ni kuma sana'ata turawa. Ni ne mutumin nan da za ka gani a bayan kwamfuta, ka miƙo memori, in cika maka shi da waƙa da fim da wa'azi, ka ba ni abin da ya sawwaƙa. 'Yan dawunlodin ake ce mana. Da wannan sana'a na yi aure, da ita na yi gini a Tumfure, kuma da ita na karya ɗan'uwana. Abin da na zauna in rubuta ke nan.

Mu 'yan Jekadafari ne. Babanmu tela ne, keken ɗinkinsa a zaure, rediyonsa mai cin kaset biyu a kan taga. Hamma ya girme ni da shekara 8, ni ne auta. A Islamiyya aka fara gane yana da murya, don duk ranar walimar sauka shi ake tsayarwa ya ja baiti yara su amsa. Lokacin da aka cire Gombe daga jihar Bauchi, ranar 1 ga Oktoban 1996, yana ɗan shekara 19, ya gama sakandare, ba aiki, sai zaman zaure yana ɗaura maɓalli. Gari kuwa ya buɗe, ma'aikata sun dawo gida daga Bauchi, kullum biki, kullum taro.

Lamba 1 a littafina a ɗakinmu aka yi ta a 1998. Baba ya tafi ta'aziyya Kumo, Hamma ya sato rediyon, ya sayo sabon kaset na TDK mai minti 60. Muka jingina katifa a jikin taga don kada ƙarar masu tallan unguwa ta shigo. Ni aka ba bokitin roba, wani abokinsa ya riƙe cokali biyu. Sau huɗu muna yi muna gogewa. A karo na biyar komai ya tafi daidai, sai a baiti na uku zakaran Dada, mahaifiyarmu, ya tsaya a bakin ƙofa ya rangaɗa cara. Batiri ya yi sanyi, babu kuɗin wani, haka aka bar ta. Har yau in ka kunna, a minti na huɗu zakaran yana nan, shi da aka yanka tun kafin a shiga shekarar 2000.

Baba ya gano ne saboda Hamma ya manta kaset ɗin a cikin rediyon. Bai doke shi ba. Ya dai kira shi zaure ya ce, "Mu ba maroƙa ba ne, ba mu gada ba ta uwa, ba mu gada ba ta uba." Abin da ya ɗaure min kai tun ina yaro shi ne, wannan Baban dai ba ya taka keke sai da Shata a kunne. Ranar da labari ya zo a watan Yunin 1999 cewa Shata ya rasu, rufe zauren ya yi, bai ɗinka ko aljihu ba. Wato waƙa abin so ce in ɗan wani ya yi ta. Dada ba ta ce komai ba a gabansa, amma ita ta sayar da tunkiya ta ba Hamma kuɗin mota a 2001.

Kano ya nufa, ta Dukku da Darazo, a ɓulla Birnin Kudu da Wudil. Lokacin fim ɗin Hausa ya koma sai da waƙa. Furodusa ba ya kai fim kasuwa babu waƙa uku ko huɗu a ciki, wani ma waƙar yake fara saya sannan a ƙago labarin da zai ɗauke ta. Samari daga ko'ina suka cika titin gidan zu, kowa da takardar baitocinsa a aljihu.

A hutun makaranta na 2002 na bi shi, na kwana 12 a kan kafet ɗin wani situdiyo da ke saman bene. A nan na ga yadda ake haihuwar waƙa. Hamma ba ya kaɗa komai, bakinsa ne jarinsa. Zai zauna kusa da mai fiyano ya rera masa karin a hankali, shi kuma ya riƙa lalube a kan Yamaha ɗinsa har ya kamo. Ganga, kalangu, sarewa, har tafi, duk daga cikin fiyanon nan suke fitowa, yatsa ɗaya ke danna su. In kiɗa ya tsaya da ƙafarsa, sai a tura mawaƙi wani ɗan akurki da aka manne bangonsa da soso da kwalin ƙwai, a rufe ƙofa, zufa ta yi ta zuba. Nan ake ɗora murya. Da dare suke aiki, don kuɗin dare ya fi sauƙi kuma titi ya yi shiru, amma in an ɗauke wuta sai a tayar da janareta a ƙasa, a ja waya mai tsawo don kada gurnaninsa ya shiga. Wani dare na ga wata yarinya ta zo da hijabi har ƙasa, ƙanenta na jiranta a kan mashin. Ba ta gaisa da kowa sosai ba. Aka karanta mata baitoci, ta shiga akurkin, cikin awa ɗaya ta ɗora murya a waƙa huɗu, aka ƙirga mata kuɗi ta sauka. Biyu daga ciki na Hamma ne, lamba 14 da 15. A gurbin muryar mace na rubuta "mai hijabin toka", don ko Hamma iya abin da ya riƙe ke nan.

A lokacin, waƙar fim sayar da ita ake yi kamar akuya. Furodusa ya saurara, in ta yi masa a yi ciniki, naira 5,000, in an yi sa'a 8,000, a ciki za ka biya mai fiyano da mai amshi. Daga nan ta tashi daga hannunka. Jarumi ya sa kaya masu ƙyalli ya motsa baki a kanta a cikin lambu, 'yan kallo su tafi da cewa muryarsa ce. Sunan mawaƙi, in an tuna, yana can ƙarshen fim inda kowa ya riga ya tashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Tsakanin 2001 da 2007 Hamma ya sayar da waƙa 71 ta wannan hanya, kuma babu ko ɗaya da aka rubuta takarda a kanta. Akwai wadda ta zaga Arewa gaba ɗaya, ana sa ta a gidan biki a layinmu, Dada tana jin muryar ɗanta ana kiran sunan wani.

A 2005 ya yi albam na kansa, waƙa 6, uku a kowane gefen kaset, don waƙar lokacin minti 9 ce ko 10. Wani ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ya sayi uwar kaset ɗin ɗungurungum, ya buga kwali da hoton Hamma sanye da jar hula yana nuna sama da yatsa. Wannan ne karo na farko da fuska da murya suka haɗu. Direbobin hanyar Bauchi da na Yola suka ɗauke shi, masu shayi suka ɗauka, a shirin gaishe-gaishe na rediyo ana ta zaɓensa. Ɗan kasuwar ya sake bugawa ya fi sau biyar. Hamma bai ƙara ganin kobo ba bayan kuɗin farko, sai wata shadda da aka aiko masa da sallah. Amma a shekarar ce Baba, wata uku kafin ya rasu, ya ce a sa masa kaset ɗin. Ya saurari gefe ɗaya har ƙarshe, ya ce, "Kiɗan ya yi yawa." Bai ce a kashe ba.

Da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni a 2007, ciniki ya tsaya cak. Wasu mawaƙan suka koma Kaduna, wasu Jos, Hamma ya tattaro ya dawo gida. Ya ce ya gaji da yi wa wani noma. Albam na biyu da kuɗinsa zai yi, shi zai buga, shi zai sayar. Ya sayar da filin da ya saya a bayan Pantami, ya ɗauki waƙa 8, ya buga faifan sidi 2,000, aka kawo su cikin kwalaye daga Kano a farkon 2009. Faifan farko da ya zaro daga kwali ni ya ba, ya rubuta a bayansa da biro: "Na Auta."

Ni kuma a lokacin shekarata ɗaya da buɗe shago. Wayoyin Caina masu ƙarar tsiya sun cika gari, kowace da ramin memori. Ɗan acaɓa da bai mallaki na'urar sidi ba, yanzu rediyonsa na aljihunsa. Waƙa ɗaya naira 20 muke turawa, in memori ne za a cika, mu yi jimla. A layinmu kaɗai mu 11 ne. Daren da Hamma ya ba ni faifan na zura shi a kwamfuta na juye. Wallahi ban zauna na yi tunani ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba yi da kowane sabon faifai.

Ranar wata Asabar bayan la'asar, wani yaro ɗan acaɓa ya miƙo waya ya ce a loda masa sabon albam ɗin wane gaba ɗaya. Na ce naira 100. Faifan kuwa 150 Hamma ya sa masa. Na cire memorin na soka, koren layin nan ya fara tafiya a fuskar kwamfuta. Sai na ji inuwa ta rufe ƙofa. Hamma ne, da kwali a kafaɗa, ya kawo min guda 20 in ajiye masa ko za a tambaya. Ya dubi kwamfutar, sunayen waƙoƙinsa na wucewa ɗaya bayan ɗaya.

"Auta, a ina ka samu?"

"Wanda ka ba ni ne, Hamma."

Bai sauke kwalin ba. Yaron nan kuwa ya waiga, ya gane shi, ya daka tsalle: "Kai! Ashe kai ne! Wallahi duk majalisarmu waƙarka muke ji, ni ne na ƙarshe da ban samu ba." Ya roƙi a ɗauke su hoto. Hamma ya tsaya aka ɗauka, da kwalin a kafaɗa, har da murmushi. Sannan ya juya ya ɗaure shi a bayan mashin ya tafi. Layin ya cika, na zare memorin, na karɓi naira 100 ɗin. Wannan karɓar ce ta fi tsaya min a rai, fiye da juyewar.

Faifan da aka sayar bai kai 300 ba. Sauran suka zauna a ƙarƙashin gadon Adda, matarsa, har ɓera ya fara cin kwalin. Bayan shekara biyu Bappanmu da ke noman shinkafa a Daɗin Kowa ya zo ya kwashi buhu guda. Na je gonar wata rana kai saƙo, na tarar an ja igiya daga wannan kunya zuwa waccan, an rataye faya-fayan suna juyawa a iska, rana na dukansu suna walƙiya, tsuntsaye na tsorata. Fuskar Hamma ce ɗari da wani abu ke gadin shinkafa.

Hujjata a lokacin ita ce, in ban tura ba, mutum 10 na layinmu za su tura, kuma kafin sati ya zagayo bulutut ya gama raba ta kyauta. Gaskiya ce, har gobe gaskiya ce. Ba ni na kashe kasuwar faifai ba, manyan 'yan kasuwar Kano ma da suka fi Hamma ƙarfi ta kwantar da su. Sai dai sauran goman sai sun sayi faifai ɗaya kafin su juye, ni ko wannan ban yi ba, kuma babu wanda aka rubuta wa suna a baya sai ni. Kusan shekara biyu ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa a ɗakin Dada. Ita kuma ta ƙi shiga maganar, sai dai in na zo fita ta ce, "Ka biya ta wajen yayanka?" In ce zan biya.

Abin mamaki, memorin da ya cinye filinsa shi ya kai sunansa inda faifai bai taɓa zuwa ba. Aka fara kiransa biki daga Bajoga, Deba, Kaltungo, Billiri, har Biu da Potiskum. Ya koma waƙar amare. Dangin ango su kawo sunaye a takarda, amarya da iyayenta da ƙawaye da wanda ya ba da mota, ya shiga wani ƙaramin situdiyo a Tudun Wada ya fito da waƙa cikin kwana biyu, ranar dina kuma ya je ya hau kanta a yi masa liƙi. Yanzu babu fiyano mai tsada, yaro ɗaya ne da kwamfuta yake haɗa komai, har da na'urar da ke miƙe murya in ta karkace. Hamma ya tsane ta, yana cewa tana mayar da kowa ɗan'uwan agwagwa, amma amare ita suke so, ya haƙura.

A nan littafina ya samo asali, kuma ba don ƙauna ba, don ciniki. Mace za ta zo ta ce, "Ta bikin ƙanwata nake so, wadda aka yi a Kumo." Na buɗe folda, sai in ga abu 40 duk sunansu ɗaya da lamba, wasu kuma da dogon sunan nan da WhatsApp ke liƙa wa sauti. Wata an yanke mata kai, wata wani ɗan turawa ya ɗora muryarsa a tsakiya yana tallar shagonsa, wata an rubuta mata sunan wani mawaƙin Kano. Sai na fara zama bayan isha'i ina saurare ina rubutawa. Nan na ci karo da matsalar da har yau ban gama warware ta ba: kiɗa ɗaya, kari ɗaya, amshi ɗaya, an canza sunan amarya sau 11. Waƙa ɗaya ce ko 11? Da farko na ba su lamba ɗaya. Daga baya na lura a ta bakwai ya ƙara baiti biyu saboda amaryar marainiya ce, kuma baitocin nan sun fi duk sauran waƙar. Sai na ware ta na ba ta lambarta. Wanda ya ga dama ya ce na yi son kai a lissafi.

Siyasa ma ya taɓa, a 2011 da 2015. Waƙa 19 na ƙirga. Wani ɗan takara ya yi masa alkawarin mota a gaban jama'a, abin da ya iso gida buhun shinkafa ne da atamfa biyu. Ba zan tsaya a nan ba, duk mawaƙin da ka tambaya yana da irin wannan labarin. Shekarun 2014 da 2015 kuma, da bama-bamai suka tashi a tashoshin mota da kasuwa a Gombe, taron dare ya mutu, biki ya koma ɗaurin aure a watse. A cikin wannan zaman banza ya yi waƙa 4 da Fulatanci, harshen Dada, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya. A ganina su ne mafi kyau a duk littafin. Wani direban tirela ya ce min ya ji ɗaya a Garwa, a cikin Kamaru.

Situdiyon Tudun Wada ya rufe a 2017. Wuta ce ta zo da ƙarfi wani dare ta ƙone kwamfutar da rumbunta, aikin shekara 8 na mawaƙa da yawa ya tafi, mai wurin ya koma sayar da kayan waya. Hamma bai ajiye komai ba. In ka ce masa ya adana, sai ya ce Shata ma wa ya ƙirga nasa. A 2019, ana saura kwana kaɗan azumi, ya faɗi a banɗaki. Hawan jini ne da bai san yana da shi ba. Ya yi sati uku a asibitin koyarwa na tarayya, ya fito ɓarin dama a shanye, harshe ya yi nauyi. Mutumin da ke jan baiti 30 da ka, yanzu "ruwa" sai ya yi ta kokawa da ita.

Kuɗin magani da na gashi suka fara cin gida. Babban ɗansa ne ya zo shago wata rana ya nuna min waya: waƙoƙin babansa a YouTube, a tashar wani da ba mu taɓa jin sunansa ba, da hoton wata jaruma a kai, mutane dubbai sun saurara. Muka buɗe tamu. Ashe kafin a fara biyanka sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Muka ɗora waƙa 10 na farko, washegari aka liƙa wa 6 alamar cewa suna da mai su. Wani ya riga mu yi musu rajista da sunansa ta hannun kamfanonin da ke raba waƙa a intanet. Aka ce mu kawo shaida. Wace shaida mawaƙin da bai taɓa sa hannu a takarda ba yake da ita? Wani lauya da ke zuwa in tura masa karatun Alƙur'ani ya gaya min cewa a dokar Najeriya, sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, don haka ko na fim ɗin ma akwai magana. To amma wa zai ɗauki lauya ya tafi Kano neman furodusan da wasunsu sun bar sana'ar, wasu sun bar duniyar?

Abin da ya rage shi ne tsohon rumbuna, wanda tun 2008 nake kwashe shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, da faifan nan mai "Na Auta" a baya, da littafin bashi. Fayil ɗin da na juye a daren nan na 2009 yana ɗauke da kwanan watansa, ya girmi na kowa, kuma shi ne mafi tsabtar sauti da ya rage a duniya, tunda daga faifan asali ya fito kai tsaye. Da shi da hoton kwalin muka karɓo albam na biyu gaba ɗaya. Na farko da na fim mun bar wa Allah.

Ranar da na fara kai masa littafin, na tarar da shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, Adda na shafa masa man zafi a hannu. Na zauna na ce, "Hamma, na zo ka duba min wani lissafi." Na buɗe ta baya na ɗora masa a cinya. Ya daɗe yana bin layukan da yatsan hagu. Da ya kai shafi na uku ya ɗago ya dube ni, ya sake komawa. Ni na kasa cewa komai, sai na kunna 'yar sifika na sa lamba 1. Bokitina ya fara, cokula suka shigo, muryar ɗan shekara 21 ta tashi siririya. Da zakaran ya yi cara sai Hamma ya fashe da dariya, irin dariyar mai shanyewar jiki, baki a karkace, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Adda ta ce rabonta da jin dariyarsa tun kafin azumi. Maganar 2009 ba mu taɓa tayar da ita ba, daga ni har shi. Na sha shirya yadda zan fara, in na zo sai in ga ba ta da wurin zama.

Tun daga ranar, duk bayan la'asar ɗin Juma'a nake rufe shago in tafi. In sa waƙa, in karanta abin da na rubuta, in daidai ne ya gyaɗa kai, in kuskure ne ya bugi tabarma. Shekara da yatsu yake nuna min. Adda ce alƙali in mun saɓa, don ita da haihuwa take lissafi: wannan ina da cikin wance, waccan ranar sunan wane. Ta haka na gano waƙa 5 da na rubuta masa ba nasa ba ne, wani yaro ne ɗan Kumo mai kwaikwayon muryarsa, na goge su. Ta haka kuma ya tuna min wasu da ban taɓa ji ba, yana gunjin karinsu da hanci, don karin bai shanye ba, kalmomin ne suka tafi. Su na ba lamba na bar layinsu a buɗe.

Akwai 7 daga cikin na siyasa da ya sa na ja musu jan biro. Habaici ne da zambo a kan mutanen da wasunsu yanzu sun rasu, ɗaya ma ya zo duba shi a asibiti. Da na ce ai su ne za su fi kawo masu saurare, sai ya kama hannuna ya matse, ya ce "A'a" sarai, ba tare da harshen ya sarƙe ba. Ban ɗora su ba, kuma na daina tura su a shago, ko da yake na san suna yawo a wayoyin mutane.

Tashar tana kawo ɗan abin da ke sayen maganin wata, wani watan bai kai ba. Shagona ma yanzu ba kamar da ba, yara da datarsu suke sauke abin da suke so daga Audiomack, ni sai dattawa da matan aure da masu zuwa daga ƙauye. Abin da na yi wa faifai shi waya ke yi min, har na fara sayar da caja da gilashin waya a gefe.

A da, layukan da babu komai 9 ne. Bara wani tsohon direba a tashar Dukku ya ji ina cigiya, ya buɗe aljihun motarsa ya zaro kaset da rana ta gama lanƙwasa shi. Zaren ya tsinke a wuri biyu. Na kwance shi da ƙaramin sukundireba, na mayar da zaren cikin wani gidan kaset, na haɗa tsinken da jan farcen matata, na naɗe da biro, na jona tsohon rediyon Baba da kwamfuta. Lamba 33 ce, wadda ya yi wa wani fim da bai taɓa fitowa ba. Daƙiƙa kusan 20 sun tafi a wurin ɗinkin, amma da na kai masa, daidai gurbin sai ya cike shi da hanci.

Saura 8. Wadda ya fi tambaya ita ce lamba 58, da ya yi wa Dada a 2005 bayan rasuwar Baba, kaset ɗaya tak aka ɗauka, aka ba wata Goggonmu aro a wajen zaman makoki, daga nan ba a sake ganinsa ba. Goggon ta rasu, kayanta sun rabu gida uku. An ce min ɗaya daga cikin jikokinta yana da shagon shayi a Bajoga, kuma akwai buhun tsofaffin kaset a ƙarƙashin teburinsa da ya hana a zubar. Na samo lambarsa, ya ce in zo da rediyona don nasa ya daɗe da mutuwa. Ranar Asabar zan shiga motar farko, na riga na sayi batiri.